Ruwan Shuka Ranar Lahadi

Unguwarmu 'yar ƙarama ce a gabas da Toranke, a bakin hanyar da masu jakuna ke bi zuwa Ajingi. Gidaje uku ne kawai na Kirista a cikinta: namu, da na Baffa ƙanen mahaifina, da na wata tsohuwa da jikokinta. Sauran duka Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha da su, gonakinmu kuma iyaka da iyaka. Kakanmu ne ya fara bin Almasihu, shi ya gina ɗan ɗakin sujadar da ke bayan gidanmu. Da ya rasu, kula da ɗakin ya dawo hannun Baba. Mai bishara yakan zo mana daga nesa a kan keke, amma sai a yi wata ba a gan shi ba, don haka Baba ne ke karatu, shi ne ke addu'a, shi ne kuma ke buga guntun ƙarfen motar da aka rataye a jikin darbejiya don kiran mutane.

Ina aji biyar a firamare a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan. A daminar da ta wuce mun yi shuka ta ƙone, muka sake ta ƙone, abin da ya tsira a ƙarshe bai cika gindin rumbu ba. Kafin bazara awakinmu sun tafi kasuwar Gaya ɗaya bayan ɗaya. Muka koma cin tafasa da yaɗiya da ɗan abin da Inna take samu na dusa idan ta yi wa mutane surfe. Ƙanwata, wadda aka yaye a shekarar, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ta daina gudu, sai dai ta zauna inda aka ajiye ta.

Abu ɗaya ne ba a taɓa ba, shi ne iri. Baba ya tsinci zangarniyar gero mafi kyau daga ɗan kwarin da ke ƙasan gonarmu, Inna ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta zuba a wani tsohon tulu ta liƙe bakinsa da yumɓu. A ƙarƙashin gadonta yake. Duk ranar da aka kwana da ruwan ganye a ciki, kowa ya san akwai gero a ɗakin, ba wanda yake ambata. In tulun nan ya ƙare, ba mu da wani irin, ba mu da abin da za mu sayar mu saya, kuma maƙwabta ma kowa nasa bai ishe shi ba.

Wasu sun yi binne a shekarar, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya same shi a ciki. Baba ya ƙi. Ya ce yayyafi kaɗan ya isa ya ruɗi iri ya tsiro, sannan rana ta kashe shi, abin da ya same mu bara ke nan. Shi sai ruwa na gaske ya sauka zai buɗe tulu.

Ruwa na gaske ya sauka wata ranar Asabar da yamma. Hadarin ya taso daga gabas baƙi ƙirin, iska ta ɗauke faifan Inna ta wurga shi bayan danga, sannan aka tsuge. Muka tsaya a bakin ɗaki muna kallon yadda ruwa ke gudu a tsakar gida. Bai ɗauke ba sai da rana ta faɗi. Baba ya ɗauki fartanya ya fita gindin danga ya tona rami, ya zura hannu, ya fito da shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa har sama da wuyan hannu. Ya ce ruwan shuka ne. Inna ta yi dariya, irin dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ɗaga ƙanwata sama ta ce ta kusa shan fura.

Sai Baffa ya leƙo ta kan danga, jikinsa duk a jiƙe, ya ce gobe da asuba ke nan, kowa ya wasa sunguminsa. Na dubi Inna na ga dariyar tana barin fuskarta a hankali. Ta tuna gobe wace rana ce.

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi, ba ta riƙe danshi. Idan ruwa ya sauka, kashegari ake shuka, don in rana ta ƙwalle wuni guda, saman ƙasar yakan koma gari. Baba kuwa tunda yake bai taɓa ɗaga ƙarfen gona ranar Lahadi ba. Ba shi kaɗai ba, haka duk masu bi na zamaninsa suke a yankinmu. Lokacin da Kaka ya bar al'adun gidansu, danginsa sun ce a bar shi, ranar da yunwa ta matsa zai watsar da sabon addinin. Ba mu da sutura dabam, ba mu da harshe dabam. Abin da kowa ya san mu da shi shi ne ranar nan da ba ma aiki.

Da gari ya waye, tun kafin rana ta fito, na ji tafiyar mutane a bayan gida, da kukan jakuna, da muryoyin yara. Unguwa duk ta fita. Sama ta wanke tas, babu ko ɗigon gajimare. Inna ta riga ta jawo tulun ta ajiye shi a tsakar gida, ba ta fasa yumɓun ba tukuna. Ta sa zanenta na gona. Baba ya fito da farar rigarsa ta sujada, ya ga tulun, ya tsaya.

Ba su ɗaga murya ba, iyayena ba sa faɗa a gabanmu. Inna ta yi ta magana ƙasa-ƙasa tana kallon tulun. Ta ce Allahn da ya aiko da ruwa ya san ranar da ya aiko shi, ta ce a yi sujada da yamma in an dawo, ta ce ya dubi yarinyar nan. Baba ya ce ya dube ta, kullum yana dubanta.

"Maigida," in ji Inna, "kai da bakinka ka karanta mana, in dabba ta faɗa rijiya ranar hutu ana ciro ta."

"Ana ciro ta. Amma irin nan bai faɗa rijiya ba, uwar yara. Ga shi nan a tulu, ba abin da ya same shi. Gobe ma rana ce."

"Gobe ƙasar ta bushe."

"Mai yiwuwa."

Ya wuce ya buga ƙarfen. Na tuna yadda ƙararsa ta fita siririya a safiyar nan, da yadda mutanen da ke gona mafi kusa suka ɗago suka dube mu suka koma aikinsu.

Baffa bai zo sujada ba, shi da iyalinsa duka. Dakalin da suke zama ya kasance babu kowa. Tsohuwar nan ta zo da ƙaramar jikarta, manyan kuwa ta ce ba ta san inda suka shiga ba, amma kowa ya ga rairayin gona da ke ƙafarta. Ɗakin sujadar yana da taga ɗaya, rami ne kawai a bango, kuma ta nan ake jin saran sungumi daga gonakin mutane, tim, tim, ba ya tsayawa. Muka yi waƙa, muryoyinmu ba su rufe shi ba. Ni ban iya sauraron karatun ba. Ina kallon hasken rana da ya shigo ta tagar ya kwanta a daɓe. Da muka shigo, daɓen yana da duhun danshi inda rufin ya yi yoyo. Kafin Baba ya rufe Littafi, wurin ya fara fari daga gefe.

Addu'ar da ya yi ranar gajera ce. Bai roƙi ruwa ba, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ya ce Ubangiji ya san abin da ke cikin tulu, ya san bakunan da ke gidan, ya kuma san cewa shi mai addu'ar yana jin tsoro. Ban taɓa jin Baba ya ce yana jin tsoro ba. Na buɗe ido ɗaya. Inna ba ta ce amin ba, leɓenta kawai ya motsa.

Da azahar Malam ya yi sallama. Shi ne maƙwabcinmu na gona, dattijo ne mai yawan barkwanci, asalin iyayensa daga gabas suka zo tun da daɗewa. Tare suka taso da Baba, kuma ba ya kiran Baba da komai sai mai Lahadi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ni na kai ruwa, na koma bayan ƙyaure na tsaya, don ba na iya zama gaban baƙi. Ya ce sun kusa gama tasu, 'ya'yansa na da sauran ƙarfi. A ba shi tulun, kafin magariba gonar Baba ta shuku, shi Baba ba sai ya motsa daga tabarmarsa ba.

"Mu yau ba hutunmu ba ne," in ji shi. "In laifi ne, a rubuta a kaina, dama nawa sun yi yawa, ɗaya ba zai ƙara nauyi ba."

Baba ya yi murmushi ya yi godiya sosai. Sannan ya ce abin da ba zai yi da hannunsa ba, ba zai sa a yi masa da hannun wani ba, gonarsa ce, irinsa ne. Malam ya ce ya san taurin kan Baba tun suna kiwon awaki, amma bai san ya kai haka ba. Ya tambaye shi ko yana da tabbacin za a sake ruwa a kwana kusa.

"Ba ni da shi, Malam. Ban yi ciniki da Allah ba, ban ce in na huta zai biya ni ba. Na dai san wanda ya riƙe mu bara."

Malam ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, ya ce Allah ya sa mu dace, ya tafi. Inna tana jin komai daga tsakar gida. Ta shiga ɗaki ta saki asabari, ba ta sake fitowa ba sai da za ta dafa ganye. Tulun ya wuni a inda ta ajiye shi. Inuwa ta bar shi, rana ta same shi, na je na jawo shi gindin rumbu don kada ya yi zafi. Da yamma iska ta taso, busasshiya, ta yi ta kaɗawa har duhu.

Litinin ban je makaranta ba. Mun isa gona gari bai gama wayewa ba. Gonar Malam tana hannun dama, duk ta cika da sawun dunduniya a jere, tamu kuwa shafe take. Baba ya durƙusa a tudu ya tona da hannu. Rairayin ya zube ta tsakanin yatsunsa. Sai da ya nutsa yatsunsa gaba ɗaya kafin ya taɓo sanyi, shi ma ba mai dunƙulewa ba. Ya gangara kwari ya sake tonawa, can ƙasar ta ɗan riƙe.

Shawara biyu ce a gabansa. Ko a mayar da tulun gida a jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba, ga damina ta riga ta makara, ko a zuba a wannan ragowar danshin, wanda zai iya kumbura iri ya kasa fito da shi. Ya juya ya tambayi Inna abin da ta gani. Ta ce jiya da take da abin faɗa ba a ɗauka ba. Ya ce yau yana tambaya. Ta daɗe tana kallon gabas, inda babu komai, sannan ta ɗauki dutse ta fasa yumɓun.

Baba ne a gaba yana sara da sungumi, yana nutsa shi fiye da yadda aka saba don ya kai ga sanyi. Ni da Inna muna biye da ƙoƙo a hannu, mu jefa iri a rami mu tura ƙasa da ƙafa mu danne da dunduniya. A da da yatsu uku ake ɗiba, ranar Inna ta ce in ɗiba da biyu, kuma in na zubar da ƙwaya ɗaya a waje in tsugunna in ɗauka. Daga kwari muka fara muka hau tudu. Da hantsi ya yi, ramin da Baba ya sara yakan rufe kansa kafin in iso, sai in sake buɗewa da babban yatsan ƙafa. Ƙanwata tana gindin gawo, an ɗaure mata zane ya yi mata inuwa. Da muka gama, Inna ta kife tulun ta bubbuga gindinsa, toka ce kawai ta fito.

Daga nan sai jira. Kullum in za ni makaranta nakan ratse ta gona, ko da yake hanyar ta fi nisa. Gonar Malam ta fara fitowa, layi-layi, kore shar. Ta Baffa ma haka. Tamu kwarin ya fito, ba laifi. Tudun kuwa, wanda shi ne mafi yawan gonar, sai ɗaya nan ɗaya can. Wata safiya na tona wani rami da tsinke na sami ƙwayoyin sun kumbura sun fitar da ɗan farin baki, sun bushe a haka. Na mayar na rufe. Ban gaya wa kowa ba, amma da na dawo da rana na ga sawun Baba a wurin, da wasu ramukan da aka tona aka rufe.

Gidanmu ya yi shiru a kwanakin nan. Inna tana yin duk abin da ta saba, tana kai wa Baba abin da ya samu, tana durƙusawa, amma maganarta ba ta wuce amsa. A bakin rijiya mata sukan yanke hira in mun iso. A makaranta wata yarinya ta tambaye ni ko Lahadi za mu ci bana, 'yan aji suka yi dariya, na sa kaina a kan benci. Baba bai fasa addu'ar safe ba. Yana gode wa Allah saboda kwarin da ya tsiro, yana roƙa wa gonakin maƙwabta ruwa da sunan kowane gida, har da na Baffa, wanda ya daina shigowa gidanmu don kunya. Baba ya rame ƙwarai. Wani lokaci nakan gan shi a zaure ya buɗe Littafi a cinya, idonsa ba a kai ba.

Ruwa ya dawo lokacin da tsiron mutane ya fara naɗe ganye. Ya zo da ƙarfi, ya sake zuwa, damina ta kankama. Kowa ya shiga noman firi, wato noman farko na cire ciyawa. Mu kuwa ruwan ya sami tudunmu babu komai sai ciyawa. Shi ne abin da ya fi yi wa Inna ciwo, ga ƙasa ta jiƙe sharkaf, ga hannu, babu abin zubawa. Baba ya fara maganar zai tafi Kano neman aikin ƙarfi, ya bar mana kwarin.

Wata Lahadi da yamma, bayan an yi ruwa tun safe, Malam ya tsaya a ƙofar zaure, bai ma shigo ba. Ya ce geronsa ya yi cunkoso, da ya zuba iri da yawa don tsoron bara, yanzu kowane rami ya cika, dole a yi cira. Cira ita ce rage tsiron da ya yi yawa a rami, a bar masu ƙarfi, sauran a zubar a kan kunyar gona ko a kai wa awaki. Ya ce shi bana awakinsa sun mutu, bai san wanda zai ci ba.

"Da yau na so yi," in ji shi, "sai na tuna akwai wani mai taurin kai a unguwar nan. Gobe Litinin ko? Ko ita ma kun hana?"

Inna ce ta amsa daga bayan danga, ita da ba ta saba sa baki a maganar maza ba. Ta ce gobe ba su hana ba, Malam, Allah ya saka da alheri.

Dashen gero aiki ne mai wuya, kuma ba a cika yinsa ba sai don cike gurbi. Mu gona kusan guda muka dasa. 'Ya'yan Malam suna cira a hankali don kada saiwa ta tsinke, ni ina kwasa a kwando ina kaiwa da gudu, Inna tana yanke kan ganyen, Baba yana huda rami da turke yana sakawa yana dannewa. Da rana ta yi sama sai ga Baffa da damin nasa tsiron a ka. Bai gaisa da kowa sosai ba, ya ajiye ya karɓi turken daga hannun Baba. Ba mu gama ranar ba, sai da muka ƙara kwanaki, muna bin duk wanda ke cira a unguwar.

Dashen ya kwanta. Duk abin da muka saka ya yi laushi ya kife a kan rairayi kamar an zuba masa ruwan zafi. Inna ta ce haka yake yi, sai an ga wanda zai tashi. Na ci gaba da ratsewa ta gona. Ganyen waje ya bushe ya koma ruwan ƙasa. Sai wata safiya na tsugunna na ga a tsakiyar wani akwai sabon ganye siriri, a naɗe, a tsaye. Na duba na kusa da shi, shi ma haka. Na gaba ya mutu. Na gabansa yana da rai. Na bi layin har ƙarshe, na makara a makaranta aka yi mini bulala, ban ji zafinta ba.

Fiye da rabi ya kama. Zangarniyarsa ba ta kai ta Malam tsawo ba, kuma ya nuna a makare, tsuntsaye suka ci rabonsu. Abin da muka girbe ya kai mu tsakiyar rani, Baba ya tafi Kano ya yi dako ya cike sauran. Ƙanwata ta tashi, gashinta ya koma baƙi.

Inna ba ta taɓa yarda cewa Baba ya yi daidai ba. Har ta tsufa, in zancen ya taso, takan ce ya yi wasa da abincin 'ya'yanta, Allah ne kawai ya ji tausayinmu. Baba yakan ce bai musa ba, shi ma tausayin nan ya dogara da shi tun farko. Sai ta ce ai ba haka ake dogara ba. Ya ce to ta koya masa. Daga nan sai ta tashi ta shiga madafa, shi kuma ya ci gaba da saƙar igiyarsa.